Saurayin nata kare ne da daddare, in ƙarasa labarin ko in goge?

'Yar Gwammaja: Assalamu alaikum 'yan gida, dan Allah shawara nake nema kuma kar wanda ya zage ni sai ya karanta har ƙarshe. Wata uku kenan ina fama da wani gajeren labari na soyayya, na rubuta na goge ya fi sau biyar. Yarinyar sunanta Hindatu, awara take soyawa a bakin titi nan wajenmu, sai goma na dare take tashi ta bi lungu ta koma gida da bokiti a ka. Wata rana cikin azumi irin zafin nan na watan huɗu tana hanyar fita da la'asar ta tarar yara sun rutsa wani baƙin kare a gefen kududdufi suna ta jifa har sun karya mai ƙafar baya, ta kore su ta zuba ruwa a murfin bokitinta ya sha. Tun daga ranar in ta tashi sai ta gan shi can nesa yana binta yana ɗingishi, baya matsowa baya haushi, har ta shiga gida. Ranar da masu ƙwacen waya suka tare ta shi ya tarwatsa su. Bayan sallah sai ga wani saurayi yai sallama da ita, kyakkyawa mai kunya, yana jan ƙafar hagu, baya zuwa sai bayan isha'i kuma duk abin da aka kawo mai baya ci sai dai yace a bashi ruwa. Kun dai gane. To a yadda na tsara, daren sha huɗu ga wata yake rikiɗa, shi ne alfa wato shugaban garkensu a bayan Dala, kuma zai cije ta a wuya ya zama alamar tasa ce har abada. Gwaggona ta ɗau wayata ta gani tace in ban goge ba sai ta gaya wa Baba. In ƙarasa ko in haƙura?

Maman Ilham: Wayyo ni dai ki ƙarasa, wurin a bashi ruwan nan ya tsaya min a rai wallahi

Hajiya Babba: Innalillahi. 'Yata duk mazan da ke cikin Kano, daga Kurna har Hotoro, ki rasa wanda za ki haɗa 'yar musulmi da shi sai kare? Gwaggonki ta yi gaskiya. Mu da muka tashi ko sunansa ba a kira ana cin abinci. Yau in wani ya ce miki 'yar kare ai sai an raba ku, amma ke da hannunki kin zauna kina rubuta zance da shi a ƙofar gida. Goge kawai ki yi istigfari.

Auwalu Kurna: Hajiya ayi hakuri ai labarin karya ne duka meye na tada jijiyar wuya

Maman Ilham: Auwalu karya ko ƙarya? Sa ƙugiyar nan mu gane, dan a labarin nan dai namiji ne karen hhhhh

Auwalu Kurna: wayata bata da kugiya anti, kowa ya dau wanda yayi masa. Ni abin da ya daure min kai shine alfa, na zata malamin yarbawa ne yake rikida a bayan Dala

Nura na BUK: Auwalu da wasa ka faɗa amma nan matsalar take. Ƙanwata ki yi haƙuri zan faɗa miki gaskiya, labarinki biyu ne kika ɗinke wuri guda kuma ɗinkin yana gani. Daga awara zuwa a bashi ruwa naki ne, na Kano ne, ina karantawa ina jin warin kududdufin. Daga sha huɗu ga wata zuwa cizon wuya kuwa ba naki ba ne, daga manhajojin nan na waya kika kwaso inda kullum kyarkeci ne shugaban garke da yarinyar da aka ƙaddara masa. Su Turawa suna da dalili, sun zauna da kyarkeci a dazukansu yana cinye musu tumaki shekara ɗaruruwa, tsoronsa a jininsu yake shi ya sa in suka mai da shi saurayi abin ke tsuma su. Mu wa ya taɓa ganin irin kyarkecinsu a Ɗanbatta? Namu abin rikiɗar kura ce. Tun muna yara ake cewa wane in dare yai yana zama kura, kuma ba mu kaɗai ba, har Borno har Habasha akwai wannan zancen. Kuma wata bai da aiki a ciki, mutum ne da asirinsa.

'Yar Gwammaja: Yaya Nura to kura zan mai da shi? Wa zai so saurayi kura dan Allah, ga wari ga dariyar mugunta

Nura na BUK: A'a ni ban ce ki canja ba, karen ya fi. Kura tsoronta ake, kare kuwa raina shi ake, kuma rainin shi ne jarinki. Duba bakinmu kawai: karen mota, karen farauta, kare jini biri jini, cin karensu ba babbaka, kare ka mutu da haushin kura. Babu inda ya fito da mutunci. To halittar da duk gari ke jifa, mutum ɗaya ya ba ta ruwa, me za ta yi da wannan alherin? Labarin kenan. Kina sa masa sarauta da garke kin kashe shi, ya zama ɗan sarki mai kuɗi irin na sauran littattafai sai dai shi da jela.

Malam na Fagge: Assalamu alaikum. Na ga ana ta raha amma akwai abin da ya kamata a sani kafin a ci gaba. Ya tabbata a Sahihu Muslim daga Abu Zarri cewa Annabi SAW ya ce baƙin kare shaiɗan ne. Ya kuma tabbata mala'iku ba sa shiga gidan da akwai kare, kuma wanda ya ajiye shi ba don farauta ko kiwo ko gona ba ana rage masa lada kullum. A Abu Dawuda an ce in kun ji haushin karnuka da kukan jakuna da dare ku nemi tsari domin suna ganin abin da ba kwa gani. Sannan akwai hadisin da ya kasa aljanu uku, masu fukafukai, da masu siffar macizai da karnuka, da masu sauka su tashi. To yarinya ta ɗauki baƙin kare takamaimai, ba ja ba ba fari ba, ta mai da shi abin so, 'yan mata suna karantawa suna cewa wayyo. Ni wannan ne ban natsu da shi ba.

Ɗalibin Sheka: Allah gafarta malam duk abin da ka kawo haka yake, sai dai an karanto shafi ɗaya an bar ɗaya. A Bukhari da Muslim ɗin nan akwai mutumin da ya ga kare yana lallage harshe yana cin ƙasa don ƙishi, ya koma cikin rijiya ya ciko huffinsa ya riƙo da baki ya hauro ya shayar da shi, Allah ya gafarta masa. Akwai kuma macen banza ta Bani Isra'ila da aka gafarta wa saboda irin wannan. Abin da Hindatu tai da murfin bokiti kenan fa. Ga karen Ashabul Kahfi a aya ta 18, ya shimfiɗa zira'insa a bakin kogo, duk Juma'a muna karanta shi. Kuma mu nan Malikiyya ne, a mazhabarmu kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwarya sau bakwai in ya yi lallagi a ciki ta'abbudi ne, bin umarni ne kawai. Har ana ba da labarin mai Risala, Ibnu Abi Zaidin, da katangar gidansa ta faɗi ya ajiye kare, aka ce masa Malik ya karhanta, ya ce da Malik ya riski zamaninmu da zaki zai ajiye. Ƙyamar da muke wa kare a garin nan rabi addini ne rabi al'ada ce, kar mu haɗe su.

Malam na Fagge: Ɗalibi ban ce a ƙi ba shi ruwa ba. Shayarwa daban, zance daban. Wanda ya shiga rijiyar ai bai kai kuɗin gaisuwa ba.

Auwalu Kurna: hhhhh malam ya gama da kai dalibi

Hajiya Babba: Allah ya saka da alheri malam. Abin da nake faɗa kenan aka mai da ni tsohuwar da ba ta waye ba.

Jikan Maharba: Ni ba ruwana da fatawa, kan karen zan yi magana don na ga marubuciyar ba ta taɓa zama da kare ba. Kakana maharbi ne, mun tashi da karnuka bakwai a bayan gida, in rani yai aka fita farauta mota guda ake cikawa da mutane da karnuka. Na ɗaya karen gida na Hausa ba ƙato ba ne mai gashi buzu-buzu irin na hoton bangon littafi, siriri ne, ciki a ɗame, ana ƙirga haƙarƙarinsa, kunne duk ƙuda ya cinye bakinsa. Na biyu karen da aka taɓa jifa ko ka sunkuya ɗaure takalmi sai ya zabura, yana zaton dutse za ka ɗauka. To ki sa wa saurayin wannan. Suna cikin zance ta sunkuya ɗaukar ɗankwalinta ko kofi, sai ya yi baya firgigit ya kare fuska. Wanda ya sani ya sani. Na uku suna. Mu ba ma sa wa kare sunan banza, habaici ne ake wa maƙwabta, irin su Bar su, Ƙyale su, Ta Allah, in ka ƙwala kiran karenka da safe wanda kake da shi ya ji saƙo. Akwai wani baƙi da muka yi Duna, ranar da kakanmu ya rasu ya bi makara har bakin maƙabarta aka kore shi, ya dawo ya kwanta a inda tsohon ke alwala ya ƙi cin komai, bai yi sati biyu ba ya bi shi. Ina firamare lokacin kuma har yau in na tuna sai na ji wani iri, to in dai amana ce kike nema a rubuta ba sai kin je bayan Dala kin nemo garke ba.

Maman Ilham: Allahu akbar, Duna ya sa ni hawaye. Allah ya jiƙan kaka

'Yar Gwammaja: Amin. Yaya wallahi zancen sunkuyawar nan na ɗauka, ban taɓa lura ba. Na gode sosai

Sista Rabi: Tunda ana gyara bari in sa baki a matsayina na ma'aikaciyar asibiti. Cizon nan ki cire shi dan girman Allah. A can inda kika kwaso cizo alamar so ce, a nan cizon kare allura ce da kuka. Ciwon haukan kare in alamunsa suka riga suka bayyana kusan ba a tashi, kuma abin da zai ba ki mamaki babbar alamarsa tsoron ruwa ce, mutum yana ƙishi a miƙo masa kofi maƙogwaronsa ya shaƙe. Mafi yawa yara ne ake kawo mana kuma a makare, an tsaya ana shafa gashin karen da toka. Wanda kare ya ciza a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu kamar minti 15 a wuce asibiti ranar, ko da ƙarzane ne. Kar wata yarinya ta karanta ta ɗauka abin burgewa ne. Sannan masu cewa idonsa na wuta da dare aljani ne, wani shimfiɗi ne a bayan idon kare da mage yake mai da haske, shi ke taimaka musu gani a duhu. Kunnensa kuma yana kama siririn sautin da namu baya kamawa.

Malam na Fagge: Sista wannan bai kore wancan ba.

Sista Rabi: Ban ce ya kore ba malam, allurar dai nake so a yi.

Nura na BUK: Wani abin kuma, kar a ɗauka baƙin kare na dare mu kaɗai ke da shi ko kuma Turawa kyarkeci kawai suka sani. A gabashin Ingila suna da nasu, har an rubuta cewa a 1577 ana tsakiyar hadari da tsawa wani baƙin kare ya faɗo cocin garin Bungay mutum biyu suka mutu, kuma har yau yana jikin tambarin garin. Girkawan da suna da mai kai uku da ke gadin ƙofar lahira. A ƙasashen tsakiyar Amurka kuma biyu ne, fari mai raka matafiyi gida da dare da baƙi mai halaka shi. Kin ga rakiyar dare ba ke kika fara ba, amma kowa da irin hanyar garinsu yake ba da ita. Ke lungu ne da kwata da 'yan ƙwacen waya. Ko a Dare Dubu da Ɗaya da kakanninmu ke saurara akwai tsohon da ya zo da baƙaƙen karnuka biyu ya ce 'yan'uwansa ne, sun jefa shi a teku shi da matarsa ashe matar aljana ce, ta cece shi, aka mai da su karnuka shekara goma. Babu wanda ya ce a goge wannan. Tatsuniyarmu ma cike take da budurwar da ta ƙi kowa ta zaɓi baƙon da ba a san asalinsa ba, sai an yi nisa a daji ya fara sauya kama.

Hajiya Babba: Yauwa ɗana, ka faɗa da bakinka. A tatsuniya yarinyar wahala take sha ta dawo gida tana kuka ta auri wanda iyaye suka ce. Gargaɗi ne. Wannan kuwa kwaɗaitarwa ce.

Nura na BUK: Hajiya wannan kam kin kama ni, haka ne.

Anti Marubuciya: Na daɗe ina karanta ku ban tanka ba. 'Yar Gwammaja ni na fara rubutu tun ana kai littafi kasuwa a buga a ɗaure da roba, ina nan aka kafa hukumar tace fina-finai da ɗab'i a 2001, ina nan a 2007 aka tara littattafan soyayya aka cinna musu wuta a makarantar 'yan mata ana cewa mu ke ɓata tarbiyya. To ki sani duk abin da kika saki a gurup ba ya dawowa, gobe wani zai yanko wurin cizon wuya kaɗai ya watsa da sunanki ya ce ga abin da marubutan Kano ke koya wa yara, ba wanda zai nemi farkon ya ga murfin bokiti. Wannan ɗaya. Na biyu kuma na sana'a ne, ku yaran yanzu kuna tsallake wurin da labari yake. Saurayi ya yi sallama sau uku a gidan mutunci me ke biyo baya? A ce ya turo. Wa zai turo? Su waye iyayensa, wace unguwa, wane masallaci yake sallah, wa ya san kakansa? Kawu zai ɗau babur ya tafi bincike. Aljani ya iya rikiɗa ya iya ɓacewa amma bai iya samo baffan da zai karɓar masa aure ba. Nan ne cikin mai karatu zai ɗuri ruwa, ba wurin farin wata ba. Gajeren labari kuma ba ya ɗaukar garke da sarauta da yaƙi, ki duba masu shiga gasar Hikayata ta gajerun labarai ta BBC Hausa tun da aka fara ta a 2016, abu ɗaya ake kamawa a riƙe shi gam.

Ɗalibin Sheka: Anti kin tuna min. Malamai sun kawo cewa an taɓa rubuto wa Imamu Malik daga Yaman ana tambayarsa wani aljani na neman auren yarinya, ya nuna ba ya son a buɗe wannan ƙofar, don kar a ga mace da ciki a ce na waye ta ce na aljani ne, ɓarna ta yawaita. Da yawa kuma sun hana gaba ɗaya saboda ayar da ta ce an halitta muku mata daga jinsinku. Kenan ko a fiƙihu auren ba zai ɗauru cikin daɗi ba.

Maman Ilham: To shikenan ba za su yi aure ba kenan?? Ni fa in ba a yi biki a ƙarshe ba bana karantawa, data ta nake sawa

Ummu Khairat: Ku yi haƙuri ni abin bai ban dariya ba. Yayata shekara tara ana cewa namijin dare gare ta, wai aljani ya aure ta shi ke korar mata manema. Duk wanda ya zo sau biyu bai dawo ba sai a ce aikinsa ne. An yi hayaƙi an yi ruƙiyya an sha rubutu an kashe kuɗin da ba mu da shi, wani mai magani har cewa yai a bar su su biyu a ɗaki, Allah ya sa Umma ta ƙi. Ashe faɗuwar da take yi farfaɗiya ce, manema kuma maƙwabta ne ke tare su a hanya suna gaya musu. Da aka kai ta asibiti aka ɗora ta a kan magani yanzu 'ya'yanta biyu. Ita da kanta ta yarda tana da miji aljani, har kwalliya take in za ta kwanta. To in kun rubuta aljani mai kunya mai rakiya mai tarwatsa 'yan daba, akwai irin yayata da yawa a garin nan da za su karanta su ce nawa ma haka yake. Ban ce kar a rubuta ba amma ku san su wa ke karantawa.

Auwalu Kurna: kai Allah ya kara mata lafiya. amma anti in haka ne ai sai a daina rubuta komai, mai kudi ma yaudarar yan mata yake a littafi

Ummu Khairat: Mai kuɗi ana ganinsa da rana Auwalu, ana iya zuwa a tambayi unguwarsu.

Hajiya Babba: Ka ji ko. Kai dai Auwalu tun ɗazu ba ka faɗi abin kirki ko ɗaya ba sai hhhh, ko ƙanwarka ce za ka bari?

Auwalu Kurna: hajiya kanwata tafi karfin kare sai dai zaki

Hajiya Babba: Mara kunya. Da uwarka kake wasa ba da ni ba.

Admin: Jama'a a dawo kan labari. Auwalu ka ba Hajiya haƙuri, sa'ar mahaifiyarka ce. Duk wanda ya ƙara zagi ko gugar zana zan cire shi sai bayan kwana uku, kun san dokar gidan nan.

Auwalu Kurna: tuba nake hajiya a yafe min

'Yar Gwammaja: Na karanta komai har sau biyu, Anti Ummu naki ya fi tsaya min. Tun magariba nake kan gyara, na cire alfa na cire garke na cire wata na cire cizo, Sista ki kwantar da hankali. Ban ma faɗi ko aljani ne ko mutum ne aka yi wa asiri ba, na bar shi haka. Kuma Hindatu ba ta san komai ba, ba ta kwana tana jiran wani, ita dai ta ga saurayi mai ladabi ta so shi kamar kowace yarinya. Ga wurin binciken kamar yadda Anti Marubuciya ta ce, ku duba min:

Kawu Sale ya kashe babur a gindin dutsen, ya bi kwatancen da yaron ya ba shi, lungu na biyu bayan mai shayi, gida mai ƙyauren langa-langa. Mai shayi ya ce shekararsa ashirin a nan bai san mai wannan suna ba. Ladan ma ya girgiza kai. Da ya tura ƙyauren sai ya ga kango ne, rufin ya rufta tun wata damina, tunfafiya ta fito a tsakar ɗaki. Ya yi sallama sau uku don kunyar kansa. Har ya juya sai idonsa ya faɗa kan wani abu ja a lungun bango, an jingine shi a kan bulo yadda ƙasa ba za ta taɓa shi ba. Murfin bokiti ne. Ya san shi, shi ya sayo bokitin a Kofar Wambai, ga harafin H da yarinyar ta ƙona da ƙusa a gefe. Komai na kangon ƙura ta rufe shi, murfin kaɗai ne a wanke tas, da sauran danshi. Kawu ya sunkuya zai ɗauka, sai ya ji wani abu ya zabura a bayansa.

Nan na tsaya, cajina saura 4 kuma sun ɗauke wuta.

Jikan Maharba: Ya zabura! Kin ji abin. Ki ƙara sawu uku a ƙura da jan ƙafa ɗaya, mai karyayyar ƙafa haka yake bari.

Maman Ilham: Ke dan Allah nemi janareta, ina ne gidanku in aiko da fawabank

Malam na Fagge: Wannan ya fi na farko nesa ba kusa ba. In dai ba a ɗaura ba kuma ba a keɓe ba, ni na yi shiru. A sa Kawu ya yi addu'ar shiga kango dai.

Anti Marubuciya: Cire "don kunyar kansa", mai karatu zai gane da kansa. Sauran ki bar shi. Kuma kar ki yarda su Maman Ilham su tura ki biki, yarinyar ta auri mutum ko kar ta yi aure a shafin, amma kar ki yi bayanin komai a ƙarshe.

Ummu Khairat: Haka ya fi. Ki bar ta da ƙafarta a ƙasa.

Nura na BUK: Ni tambayata ɗaya, Kawu zai faɗa a gida ko zai ɓoye murfin ya ce kawai yaron ba shi da asali? Don in ya ɓoye labarin ya koma kansa.

'Yar Gwammaja: Ban sani ba tukuna yaya, wallahi ni ma yanzu na gan shi a kangon

Hajiya Babba: Ni dai ban janye ba, kuma in na haɗu da gwaggonki zan ce ta ƙara sa ido. Amma tsaya 'yata, kin ce kango ne ba kowa, ba rijiya ba famfo, unguwar nan kuwa na san ta sai an sayi ruwa a wurin 'yan garuwa. To da wane ruwan ya wanke murfin?